Yadda Jirgin Yaƙina Ya Nitse A Randar Hajiya

Duk wanda ya taso a Zariya ya san ba mu da teku, ruwan da muke taƙama da shi bai wuce Kubanni da Galma ba, amma jirgin sama kam mun ƙoshi da ganinsa, tun 1964 makarantar koyon tuƙin jirgi take garin nan, ƙananan jiragenta kullum suna shawagi a kanmu. Muna yara da kara da langa-langa muke ƙera namu. To ni na girma, na yi aure, gemu har ya fara furfura, amma cutar ba ta sake ni ba, salo kawai ta canza, na koma haɗa irin ƙananan jiragen roban nan da suke zuwa a kwali gutsi-gutsi, kai za ka yanko, ka manna, ka yi fenti. Uwargida tana kiransu kayan wasan Baban yara, ni kuma ina ce musu tarihi, har yau ba mu daidaita ba.

Wannan da zan ba ku labari a wajen wani mai gwanjo na tsince shi a kasuwar Sabon Gari, cikin tarin 'yartsana da motocin yara. Mutumin ya buɗe kwalin ya leƙa ya ce "Alhaji gaskiya ba zan cuce ka ba, jirgin nan a karye ya zo, duk ya wargaje, ba da abin da ya sawwaƙa." Na haɗe rai kamar ina masa alfarma, na biya, ban yi murmushi ba sai da na sha kwana. Catalina ce fa, sabuwa dal, ko ledar ba a yage ba, ma'aunin 1/72, wato an rage ta sau 72, fiffiken da a gaske ya kusa mita 32 ya dawo santimita 44.

Catalina jirgin Amurka ne mai inji biyu, cikinsa irin na kwalekwale ne, a ruwa yake sauka a ruwa yake tashi, ba shi da sauri ko kaɗan amma yana iya shafe sama da awa 15 a sama yana leƙen teku, aikinsa neman jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa a yaƙin duniya na biyu. Abin da ya tayar min da tsumi shi ne da na karanta cewa a 1943 rundunar sama ta Ingila ta kawo runduna mai lamba 270 Apapa a Legas da irin wannan jirgin, suna gadin jiragen ruwa. Ku tuna fa gyaɗar da jirgin ƙasa yake ratsa Zariya da ita a wancan zamanin Apapa ake kai ta. Ashe gyaɗar kakanninmu suke gadi. Nan take na ce ai na Apapa zan yi.

Matsalar guda ce, na cikin kwalina PBY-5A ce mai tayoyi, wadda take iya sauka a ƙasa ma, su kuwa na Apapa ba su da taya sam. Ke nan sai na toshe ramukan tayoyi biyu na gefe da ƙofar tayar gaba, na goge wurin ya yi sumul. Masu wannan harka a Turai akwai wani ƙullu na musamman da suke cike rami da shi, ni ina zan gan shi a Tudun Wada? Sai na nufi garejin masu fanel bita a wajen Kwangila neman bodi fila.

Ogan ya tarbe ni da fara'a, "Yallaɓai wace mota ce, gaba aka daka ko baya?" Na ce jirgi ne. Ya ce "na'am?" Na zaro shi daga leda. Wallahi yaran garejin har wanda yake kwance a ƙarƙashin mota sai da ya fito. Ogan dai mutumin kirki ne, ya danne dariyarsa, ya kwaɓa min fila da hadna, wato maganin da yake sa ta daskare, a kan guntun kwali ya ce in je in gwada, kyauta. Bai faɗa min abin mintuna kaɗan yake yi ya daskare ba, kafin mai keke ya sauke ni a gida filar ta zama dutse, tsinken da na soka a ciki ma ya ƙi fita. Washegari dole a garejin na yi aikin, ina zaune kan tsohuwar taya da jirgi a cinya, yara sun zagaye ni kowa da shawararsa, wani ya ce a ƙara, wani ya ce ai jirgin yaƙi gara ya yi ƙwari, ogan da kansa ya karɓa ya danna fila har cikin cikin jirgin ya ce "yanzu ko tirela ta taka shi ba abin da zai same shi." Da na ɗaga na ji ya yi nauyi a gefe ɗaya, na ce ba komai ai ba tashi zai yi ba.

Sai gugar sanfefa, wannan ba abin faɗa a ciki sai ƙura da atishawa da uwargida tana share falo tana magana ƙasa-ƙasa. Eriyar rada, na'urar nan mai gano jirage daga nesa, da ake ɗaura wa jiragen Ingila a ƙarƙashin fiffike kuwa da siririyar waya na yi su, na samo ta cikin wata caja da na gani a yashe bayan gado. Daga baya aka sanar da ni ba a yashe take ba.

Inda aka yi ta shi ne wajen gilasai. Catalina tana da wasu kumburin gilashi guda biyu a gefe, ta nan masu bindiga suke leƙen teku, su ne ma adon jirgin. Gam ɗin roba ya ƙare, na ɗauko sufa gulu, ashe tururinsa yana sa gilashin roba ya yi fari fat, ina kallo tagogin suka yi hazo, na kai hannu da sauri in cire, babban yatsa da manuniya suka haɗe da gilashi ɗaya a tsakiya, daidai lokacin ladan ya kwaɗa kiran magariba. Yanzu ga alwala, ga gam ya rufe fata, ga tagar jirgi a hannu. Na leƙa zaure na tambayi maƙwabcina malamin islamiyya ko ruwa ya wadatar a haka, ya kama hannun ya jujjuya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce "Malam, wannan mas'alar ban taɓa cin karo da ita ba, amma fara neman ruwan ɗumi da sabulu." Raka'a ɗaya na samu, ita ma da fatar yatsa a saluɓe.

Fenti kuma fari ake yi wa ciki da gefen jiragen sintirin teku na Ingila, sama ne kawai toka-toka, dalili kuwa an gano cewa mai gadi a kan jirgin Jamus ya fi saurin hango baƙin abu a sararin sama, fari yana sajewa. Dabara ce mai kyau, amma wanda ya ƙirƙiro ta bai san hunturun Zariya ba. Na shafa farin fenti na ajiye a taga ya sha iska, kafin la'asar ƙura ta bi ta manne, jirgi ya koma kalar kunun tsamiya. Na sake gogewa na sake shafawa, a ƙarshe cikin kwabar kwanukan uwargida na kulle shi ya bushe, kwana biyu muna cin tuwo da ƙamshin tina.

Amma fa ya fito. Na manna masa tambarin Ingila, irin takardun nan da ake jiƙawa a ruwa su zame, na rataya masa ƙananan bama-baman ruwa a ƙarƙashin fiffike, na ɗora shi kan talabijin.

Ranar Juma'a na ɗauke shi na kai gidan Hajiyarmu a cikin gari, don dai ta ga ɗanta ba zaman banza yake ba. Jikoki sun cika tsakar gida, na tsaya na zuba lacca, na ce irin wannan ne ya hango babban jirgin ruwan Jamus Bismarck ranar 26 ga Mayu 1941 bayan ya ɓace wa Ingila, na nuna musu ƙananan kwalekwalen bakin fiffike da suke naɗewa idan ya tashi, na maimaita cewa a ruwa yake sauka, a ruwa. Hajiya ta ce "to Allah Ya kyauta, yanzu nawa za ka sayar?" Na ce ba na sayarwa ba ne. Ta ce "au." Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Na shiga ɗaki gaida baƙi ke nan, na bar shi kan tabarma. Ban fi minti biyar ba na ji tsakar gida ta yi tsit, kuma duk mai yara ya san wannan shirun ba na alheri ba ne. Na fito na tarar da su sun yi da'ira a bakin randa, ɗan ƙanwata mai shekara shida shi ne direba. Jirgi ya ɗan yi iyo na daƙiƙa biyu abinsa, sai ya karkata ɓangaren da oga ya danna fila, ya yi ƙul-ƙul-ƙul ya tafi ƙasa. Tamburan Ingila suka saki jiki suka taso saman ruwa suna yawo, ɗaya har ya manne a moɗa.

Na ɗaga murya zan yi faɗa, Hajiya ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce "kai kar ka taɓa min jika, ba kai ka ce a ruwa yake sauka ba? To ga shi ya sauka, har ƙasa ma."

Na naɗe hannun riga na lalubo shi, eriya duk sun lanƙwashe, ruwa yana tsiyaya ta tagogi, na duba ƙarƙashin fiffike na ƙirga na sake ƙirgawa, sai na ce da ƙarfi kada wanda ya sha ruwan nan, akwai bom ɗaya da ya rage a cikin randa. Shinkafar Hajiya ta watse, baƙi suka fito ba takalmi, wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana salati, uwargida ta finciko rigata tana cewa "Baban yara rage murya don girman Allah, so kake a zo a kwashe mu gaba ɗaya?"

Sai da aka juye randar kaf aka same shi, bai kai ƙwayar wake ba. Hajiya ta karɓa ta duba, ta ɗaure shi a bakin zaninta ta ce ba za ta ba ni ba sai na kira mai ruwa ya cika mata randa da kuɗina, kuma in biya shinkafa.