Kafin mu yanke wa yaro hukunci da agogo

Jama'a, Afrilu ya ƙarato, kuma duk wanda ke zaune a Amurka ya san abin da wannan wata yake nufi ga masu bin ƙwallon ƙasar nan, wadda ake rungumewa a ƙirji ana gudu ana karo. Lokacin daraf ne, wato zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. A wurin aikinmu a nan Kolombos ta jihar Ohayo, tun Fabrairu ba ka da sakat a ɗakin cin abinci. Kowa da jerin sunayensa a waya, wane zai fita na ɗaya, wane ƙafarsa ta yi nauyi, wane hannunsa ya yi ƙanƙanta. Ni ma ina cikinsu, shekara da shekaru, kuma ina son abin har raina.

Ga 'yan uwa na gida da ba su saba da tsarin ba: ƙungiyoyi 32 ne a NFL, babbar gasar ƙwararrun wannan ƙwallo. Ba sa zuwa da jakar kuɗi su sayi yaro yadda ake yi a Turai. Layi suke bi, zagaye bakwai cikin kwana uku, daga Alhamis zuwa Asabar, a ɗauki yara ɗari biyu da hamsin da 'yan kai. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Yaron ba shi da ta cewa, inda aka kira sunansa can zai tattara kayansa. A 2024 mutane sama da 700,000 suka yi dafifi a Ditiroit don kawai su ji ana karanta sunaye.

Abin da ya sa nake wannan dogon rubutu shi ne ɗan ƙanwata. Shekararsa 16, a nan aka haife shi, yana buga wa makarantarsu. Ranar Lahadin da ta wuce na je gidansu na tarar da shi a bakin gareji zaune kan bokiti, ko igiyar takalmin wasa bai kwance ba, ya ƙura wa waya ido. Na ce, "Ɗana, lafiya?" Ya ce, "Kawu, sau uku aka auna ni, 4.9 nake yi. Babu jami'ar da za ta kalle ni." Uwarsa ta ce tun daren jiya bai ci abin kirki ba.

Wa ya koya masa cewa darajarsa tana cikin agogo? Mu ne. A bakinmu ya ji, a falo, muna musu.

Wannan lamba da ya ambata daƙiƙun gudun yadi 40 ce, kimanin mita 36 da rabi. Kowace shekara a ƙarshen Fabrairu ana tara yara sama da 300 a Indiyanapolis don gwajin da ake kira Kombain, kuma tun 1987 a garin ake yi. A auna tsayi da nauyi da tsawon hannu da faɗin tafi, a ba su ƙarfe mai nauyin kilo 102 a ga sau nawa za su ɗaga, su yi tsalle, su yi gudu. Ana nuna shi a talabijin, kuma gudun nan shi ne abin da ke ɗauke mana hankali. Yaro ya rage kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kafin magariba mun ɗaga shi sama a jerinmu.

To ku duba 2017. John Ross na jami'ar Washintan, mai cafe ƙwallo, ya yi 4.22, ya karya tarihin gwajin. Bengals ta Sinsinati, nan cikin jiharmu, ta ɗauke shi na tara. A shekararsa ta farko ko ƙwallo ɗaya bai cafe ba, raunuka suka yi ta binsa har ya bar ƙungiyar. Sunan da aka kira na goma, dab da nasa, shi ne Patrick Mahomes, mai jefa ƙwallo, wanda ya ɗaukar wa ƙungiyar Chiefs kofin gasar, wato Super Bowl, sau uku. Shekara ɗaya bayan nan, wani ƙato mai suna Orlando Brown daga Oklahoma ya yi gwajin da aka yi ta masa dariya a intanet: ƙarfen nan sau 14 kacal ya ɗaga, gudun kuma 5.85. Ya zame har zagaye na uku. Sau huɗu a jere aka zaɓe shi cikin gwanayen gasar, kuma shi ke tsare bayan Mahomes lokacin da suka ci kofi a Fabrairun 2023. A jami'a kowa ya ga yadda yake tare mutane kamar katanga. Mun ga wasan da idonmu, sai muka zaɓi mu yarda da agogo.

Labarin Tom Brady kowa ya sani, an ɗauke shi na 199 a 2000, gudunsa 5.28, amma ya ci kofi bakwai. Ba zan tsaya a kansa ba, don an maimaita shi har ya daina koyar da kowa komai.

Ba cewa nake gudu ba shi da amfani ba. Mai tsaron gefe da ba shi da ƙafa za a bar shi a baya, wannan ba musu. Amma abin da ya fi kai ƙungiyoyi Indiyanapolis shi ne binciken likitoci da zaman hira da yaro ido da ido, kuma waɗannan biyun babu mai nuna mana su. Abin da ya fi sauƙin nunawa a allo muke gani, shi muka mayar ma'auni.

Haka abin yake da bidiyon gwaninta na minti uku. Ni kaina na faɗa wannan rami a 2021. Zach Wilson na jami'ar BYU ya yi wata jifa a ranar baje kolinsu, yana gudu hagu ya wurga ƙwallo can nesa zuwa dama, ta sauka a hannun mai karɓa. Na tura wa kowa, na yi rantsuwa a wurin aiki cewa wannan yaro ya gama. Sai daga baya na zauna na tuna cewa a ranar babu kwalkwali a kansa, babu mai binsa, babu ƙaton da zai tumurmushe shi. Jets ta ɗauke shi na biyu, bayan shekara uku ta rabu da shi. Masu aikin leƙen 'yan wasa na gaskiya duk wasan yaro suke kallo, har ranar da aka ci su, har bugun da ya biyo bayan kuskurensa. Suna zuwa jami'a su tambayi mai kula da kayan wasa yadda yaron yake yi masa magana. Mu kuwa minti uku a waya, sai hukunci.

Amma abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, dillalin shanu ne, kuma ina yaro na sha binsa kara a Wudil ranar Juma'a. Idan manomi ya zo neman san huɗa, Baba zai buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya ɗaga kofato, ya sa a zagaya da shi ya ga tafiyarsa. Duk ya yi. Sannan sai ya juya ya tambayi mai sayen: wane sa ne za ka haɗa shi da shi a karkiya, kuma wa zai riƙe garmar? Na taɓa ce masa, "Baba, ina ruwanka da wannan, ba la'adarka za ka karɓa ba?" Ya ce idan aka haɗa sabon sa da rago, aka ba yaro mai saurin bulala, kafin damina ta raba za a dawo masa da shi a ce ya sayar da mugun kaya.

Wannan tambayar ta Baba ita ce ba ma yi a lokacin daraf. Muna ta auna yaro, ba mu auna gidan da za a kai shi. Kuma tsarin da kansa yana tura mafi gwaninta gidan da ya fi lalacewa. David Carr ya fita na ɗaya a 2002, sabuwar ƙungiyar Texans ta Hustan ta ɗauke shi a matsayin kwatabak, madugun da ke jefa ƙwallo. Layin da zai kare shi kamar zana ce da iska ta ci. Sau 76 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu a kaka ɗaya, tarihin da har yau yana nan. Mutumin da aka yi wa wannan duka yana ɗan shekara 23, ta yaya zai ƙara tsayawa ya duba fili da natsuwa? Bryce Young ya fita na ɗaya a 2023, aka kori kocinsa bayan wasa 11, aka kayar da shi sau 62. Shi kuwa Mahomes ya tarar da koci Andy Reid, ya zauna shekara guda a benci yana koyo a bayan Alex Smith. Aaron Rodgers shekara uku ya yi yana kallon Brett Favre kafin a miƙa masa ragama.

Sam Darnold ne ya fi buɗe mini ido. Na uku a 2018, Jets ta ɗauka, bayan shekara uku kowa ya shafa masa fatiha. Akwai kalmar da suke faɗa a nan, "bost", wato kayan da ya lalace a hannun mai saye, kuma na ji an liƙa masa ita ba adadi. A 2024 ya je Vikings ta Minisota, ya samu koci mai tsari da masu cafe ƙwallo na kirki, suka ci wasa 14. Hannun nan dai shi ne, kan nan shi ne. Haka Brock Purdy, wanda aka kira na 262 a 2022, na ƙarshe ƙaf, ya faɗa gidan 49ers mai tsari ya kai su wasan ƙarshe a Fabrairun 2024. Ita wannan ƙungiya kuma ta zubar da zaɓinta na zagayen farko har na shekara uku don ta ɗauki Trey Lance na uku a 2021, bai kuwa yi mata amfani ba. Mutanen da aikinsu ke nan, da likitoci da kwamfutoci da miliyoyin daloli, sun yi kuskure a na uku sun dace a na 262.

Na yarda akwai waɗanda suka rusa kansu da kansu. Ryan Leaf, wanda a 1998 aka yi ta musun wa zai fita na ɗaya, ko shi ko Peyton Manning, halinsa ya taimaka wajen rushe shi, kuma shi da bakinsa ya amsa hakan daga baya. JaMarcus Russell na 2007 ma ba za a ɗora wa Raiders, ƙungiyar da ta ɗauke shi, laifinsa duka ba. Sai dai irinsu ba su kai yawan da muke ƙirgawa ba.

Akwai kuma abin da nake jin nauyin faɗa, tunda ni na kawo zancen kara. Duk shekara idan na ga samarin nan, akasarinsu baƙar fata, an tsayar da su daga su sai gajeren wando ana auna musu tafin hannu, mutane na zaune da takarda suna rubutu, zuciyata ba ta kwanciya, musamman a ƙasa mai irin tarihin Amurka. Ba dole aka yi musu ba, kuma arziki ne ke jiransu, na sani. Amma harshen da muke magana da shi a kansu na dillalai ne. Lamar Jackson ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon 'yan wasan jami'a, a 2016 yana madugu, duk da haka aka samu manyan masana suna cewa ya bar jifa ya koma mai karɓa, don wai gudu ne nasa. Ya zauna har na 32, ƙarshen zagayen farko. Sau biyu ya zama gwarzon gasar, 2019 da 2023. C.J. Stroud namu na Ohio State, wanda muka kalla kowace Asabar a garin nan, ana saura kwanaki daraf ɗin 2023 aka baza cewa ya faɗi wani gwajin saurin tunani. Na ji mutanen da suka yi masa tafi shekara biyu suna cewa dama can sun ga alamar kansa ba ya ja. Ya je Hustan ya jefa yadi 4,108 a shekarar farko, aka ba shi kyautar gwarzon sababbin masu kai hari. Ban ji wanda ya dawo ya ce ya zalunce shi ba.

A 2025 kuma Shedeur Sanders, da aka yi ta cewa zagayen farko zai fita, ya zauna har na 144. A tsakiyar wannan jira wani ya buga masa waya ya yi ƙaryar shi shugaban wata ƙungiya ne, a gaban iyalinsa da kyamara, mutane suka yi ta yaɗawa suna nishaɗi. Ko kana ganin yaron yana da girman kai, ɗan wani ne, kuma ranar da ya fi kowace jin kunya a rayuwarsa ce.

Shi ɗan ƙanwata ban ba shi labarin Brady ba, don ba na so in sayar masa da mafarki. Waɗanda ke kaiwa NFL daga cikin 'yan wasan jami'a ba su kai biyu cikin ɗari ba, kuma na gaya masa haka a gaban uwarsa, na ce karatu ne gaba. Abin da na yi shi ne na ce ya buɗe mana wasansu na ƙarshe a kakar bara, wanda aka ci su, daga farko har ƙarshe. Muka zauna nan bakin garejin, ni a kujerar roba shi a kan bokitinsa. Can a zubi na uku akwai inda ya gane inda ƙwallo za ta bi kafin a jefa, ya bar mutuminsa ya tari mai gudu ya kayar da shi saura yadi biyu ya tsallaka. Na ce ya mayar baya. Sau huɗu muka kalla. Na tambaye shi yadda aka yi ya sani, ya ce ya lura ƙaton da ke gefen dama yana sassauta hannunsa a ƙasa duk lokacin da za su bi ta can. Yana cikin nuna mini da yatsa a allo uwarsa ta leƙo ta ce abinci na hucewa, ya ce mata, "Umma, bari Kawu ya ga wannan ɗayan tukuna."