Wa ya fara ganin Kudus a filin ƙasa?

Duk ranar da Mohammed Kudus ya zura ƙwallo a raga, unguwar Nima ta Accra takan ɗauki sowa har Maamobi, kuma da ni ake yi. Abin da yake damuna shi ne ba kasafai muke tambayar wanda ya tsaya cikin rana a bakin filin ƙasa, har ya gane cewa wannan yaro na ƙungiyar yara ta Strong Tower ya fita daban ba. Idon wani ne ya kai shi makarantar horar da 'yan ƙwallo ta Right to Dream, daga can ya wuce Nordsjaelland ta Denmak a 2018, sai Ajax a 2020, sai West Ham a 2023. Tom Vernon da ya kafa makarantar a 1999 shi ma ya yi wa Manchester United aikin zaƙulo 'yan wasa a Afirka.

Na buga ƙwallon yara ta kolts shekaru da dama kafin gwiwata ta hana ni, saboda haka na san yadda rayuwar ɗan wasa take gajarta. Mai sa'a ne yake kaiwa shekara 35 a fili. Tsofaffin 'yan wasanmu na Zango da yawa suna zaune a majalisa ba aikin yi, alhali a kansu akwai ilimin da ba a koyar da shi a aji. Wanda ya taɓa buga tsakiya ba ya ruɗuwa da yankan da ke sa 'yan kallo ihu. Yana lura da ko yaron ya waiwaya kafin ƙwallo ta iso gare shi, da inda yake tsayawa idan ba ta wurinsa, da halin da yake nunawa bayan an ci ƙungiyarsa biyu. Yakan dawo ya sake kallonsa sau biyar ko shida, ya binciki ainihin shekarunsa, sannan ya je gida ya gaida iyaye. A Kumasi, Alhaji Grusah ya shafe rayuwarsa a kan wannan aiki na zaƙulo 'yan wasa da ƙungiyarsa ta King Faisal, kuma ta hannunsa Samuel Osei Kuffour ya bi kafin ya kai Bayern Munich.

Da muka bar wannan sana'a, sai 'yan damfara suka shige ta. A layinmu wani ya zo da takardar gayyata daga Turai, wata baiwar Allah ta kwashe adashinta ta sayar da keken ɗinkinta ta ba shi, ƙarshe aka yasar da ɗanta a wani masauki a ƙasar waje, ba ƙungiya, ba kuɗin komowa. Har yau idan na gan ta zuciyata takan yi nauyi.

Iyayenmu, ku sani cewa dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba ƙungiyar wata ƙasa, in ban da 'yan keɓantattun dalilai, kuma ƙungiyar da take son yaro da gaske ita ke ɗaukar nauyin tafiyarsa. Dokar ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙananan ƙungiyoyinmu suna asarar wannan haƙƙi idan ba su yi wa yaransu rajista da hukumar ƙwallo ta Gana ba.

Ranar Asabar da safe ina filin Kawukudi da littafina, kuma ina roƙon yayyena da suka taɓa sa riga su fito mu tsaya tare.