Haƙorin Ilu, Rabon Tanko

(Wani zaure a unguwar Birni, Damagaram. Ilu ɗan mahauci, mai kilishi a Kasuwar Dole, yana kishingiɗe, kunci a kumbure, auduga a baki. Yanzun nan kabu-kabu ya sauke shi daga asibiti. Kaka tana yi masa fifita. Taubashinsa Tanko ya shigo.)

TANKO: Salamu alaikum. Kai, taubashi! Goro nawa ka cusa a kuncin nan?

ILU: Mmm.

KAKA: Bar mini miji ya huta. Haƙorin ƙarshe aka cire masa, na can ƙurya. A karkace ya fito, yana tunkuɗar maƙwabcinsa.

TANKO: Ƙato ɗan shekara 22 yana haƙori? Sai a nemo masa laya.

KAKA: Likita ya ce lokacinsa ke nan, daga shekara 17 zuwa 25. Wai huɗu ne, su ke cika 32.

TANKO: Ke nawa suka rage miki, Kaka?

KAKA: Biyu. Ɗaya sama, ɗaya ƙasa, kuma ba sa gaisawa. Ungo takardar nan, kai da ka yi lakwal. Da Faransanci suka rubuta.

(Yaro ya shigo da ƙunshin balangu, in ji mahaifin Ilu.)

TANKO: (ya duba takarda, ya duba ƙunshi) Inna lillahi. An hana nama mai tauri, an hana yaji, an hana abu mai zafi. Wannan kuwa ya haɗa ukun. Miƙo nan, yaro, kada Shaiɗan ya rinjaye shi.

ILU: Mmm! Mmm!

TANKO: Ba komai, ai zumunci ne.

(Wanzami ya yi sallama, zabira a kafaɗa, rake a hannu.)

WANZAMI: Ilu, ni na yi maka askin suna, ni na yi maka kaciya, amma haƙori ɗaya ka kai wa baƙo? To, ba na riƙo. Ga rake daga Mirriya, ga goro. Yanzu a kawo tafasasshen ruwa da kanwa ya kurkure da ƙarfi, mataccen jinin nan ya fita.

TANKO: Baba Wanzam, jinin nan shi ake lallashi. In ya daskare a ramin, shi ne murfi, a ƙarƙashinsa nama yake tsirowa. In ya fice, ƙashi ya zauna a fili, bayan kwana 3 ko 4 ciwo ya taso har cikin kunne, baki ya yi wari. Saboda haka yau ba kurkura, ba tofi da ƙarfi. Sai an yi awa 24, sannan ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ya juya kai a hankali, ya bar shi ya zubo da kansa.

WANZAMI: Shekara arba'in ina fitar da jini da ƙaho, yau an ce a yi gadinsa.

TANKO: Har zuƙar lemo da ɗan bututun roba an hana, don zuƙar tana tsotso murfin. Taba ma haka. Shayin fada kuwa sai ya huce.

WANZAMI: Shayi in ya huce ai ya zama tsimi. To, raken fa?

TANKO: Rake aikin turame ne. Jingina shi nan kusa da ni. Goron ma.

WANZAMI: Takardar ta ambaci goro? Nasara ya san goro?

TANKO: Tana can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe.

KAKA: Ku rufe takardar nan, ku tambayi masu abin. Shekarata goma sha ina cin abincin da likitan nan ya gano yau. Ranar farko kunu, a tace shi, a bar shi ya huce har ka sa yatsa ba ka ji komai ba. Kindirmo mai sanyi, shi kam har kumburin yake lallashi. Fura kuma, a nan mutane suke kuskure. Suna ganin ruwa ce. Ba ruwa ba ce, akwai tsaki a ciki, kuma tsakin gero ba abin da yake so kamar rami. Sai a dama ta lilis, a sa rariya, a bar citta da tonka a gefe. Da ludayi za a sha, kaɗan-kaɗan.

TANKO: Wallahi abin da ke nan ke nan. Kaka, ko ke kika rubuta?

KAKA: Gobe ƙwai, a soya shi ruwa-ruwa. Kabewa a dafa ta ta narke. Dankali a murƙushe da man shanu. Ayaba, gwanda in ta nuna sosai. Romo a tsame naman a ba shi ruwan.

TANKO: Naman da aka tsame kuma...

KAKA: Na san inda za shi. Jibi ko gata, in kumburi ya fara saɓewa, tuwo mai laushi da miyar kuka. Tuwo da kuka dama wa yake tauna shi? Loma, santsi, sai ciki. In ya zama dole ya tauna, da ɗaya gefen. Amma dambu, ƙuli-ƙuli, aya, gujiya, cukun Buzaye, kilishin nan nasa, sai an kwana bakwai ana kallon juna.

WANZAMI: Mai kilishi ba kilishi mako guda. Wa zai riƙa ɗanɗana yajin?

TANKO: Allah ya sa yana da dangi.

(An kawo kwanon kunu da ƙoƙon kindirmo. Kaka ta karɓa.)

KAKA: Tsaya in ji ko ya huce. (ta kurɓa) Da saura. (ta kurɓa) Ya kusa. (ta kafa kai) Ya huce, sai dai ya ƙare. Kindirmon nan kuma ban yarda da Bafulatanar ba, bari in ji ko ta sa ruwa.

(Ilu ya zare audugar, ya dubi takardar balangu da ta koma mai zalla, ya dubi ɓawon rake, ya dubi kwano.)

ILU: Mai tauri na Tanko, mai laushi na Kaka. To, ni da aka cire wa haƙorin, me zan ci?

TANKO: (ya juya takarda) Akwai layi ɗaya da ya rage. An ce ka sha ruwa da yawa.

KAKA: A Damagaram? Famfo tun shekaranjiya bai ce uffan ba.