Ranar da na yi tsere da Hajiya a kan injin tafiya

Wata huɗu kenan da ɓarin jikina na dama ya shanye. Likita ya ce jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a hagun ƙwaƙwalwa, na ce to me ya haɗa hagu da dama, ashe haka Allah ya tsara abin, hagu ke juya dama. Ƙafar ta koma kamar ta aro, in na ɗaga ta yatsu na jan ƙasa, sai dai in zagayo da ita ta gefe kamar mai shara.

Da aka tura ni wajen masu gashin ƙashi a asibiti, wata yarinya da a haife na haife ta ta auna ni a tafiyar mita 10, agogo a hannu. Sakan 25 na ci. Ta ce Baba wannan tafiyar tsakar gida ce, mai son fita titi shi kaɗai sai ya ninka ta. Shikenan ta ɗora ni a kan tiredmil, wato injin tafiya, ta ɗaure ni da wani majanyi mai igiyoyi daga sama wanda ke ɗauke kusan kashi 30 na nauyina, ta maƙala min wata 'yar jar igiya a riga, wai in na zame ta fizge injin ya tsaya. Ta saita kilomita 1 a awa. Wai ƙwaƙwalwa maimaici take so, taku kan taku har ta haƙa sabuwar hanya zuwa ƙafar. Na yi minti goma ina zufa, bangon da ke gabana ko matsowa bai yi ba.

Duk wannan na jure. Abin da ban jure ba wata Hajiya ce a injin kusa da ni, ta girme ni nesa ba kusa ba, na saci kallon allonta na ga 1.8. Ta juyo ta ce "Sannu Malam, a hankali dai." Wallahi gara ta zage ni.

Yarinyar na juya baya za ta ɗauko abin awon jini na cire jar igiyar, don dama tun ɗazu ji nake kamar akuya a turke, na saki ƙarfen da nake riƙe da shi da hannun hagu, hannun kirki ɗaya tak da ya rage min, na danna kibiya mai kallon sama. Ashe ta hawan tudu ce. Gaban injin ya fara ɗagawa, na rikice na danne ta kusa da ita ban saki ba, lamba na ta hawa har 3, ƙafar hagu ta gane abin da ake ciki ta kama gudu, ta dama ta ce ba da ita aka yi shawarar ba. Takalmi ya yi nasa wuri. Kafin in gama salati sai ga ni a rataye a majanyi ina juyawa kamar guga a bakin rijiya, in ga bango, in ga Hajiya, in ga bango.

Yarinyar ta zo a guje ta buga babban maɓallin tsayarwa. "Baba, ina igiyar?" Na ce 'yata faɗuwa ta yi. Muka kalle ta tare, tana nan a rataye a jikin ƙarfe, har da ɗaurin da na yi mata don kar ta faɗi.

Aka zaunar da ni sai da jinin ya sauka. Hajiya ta gama nata tsaf, ta zo wucewa da sandarta ta ce "Kar ka damu Malam, ni ma na taɓa yi, amma dai takalmina bai kai ƙofa ba."

Yanzu ina kan 1.4. Jar igiyar kuma a bayan riga ake maƙala min ita, daidai inda hannun hagu ba ya kaiwa.