Idan sankarar furostet ta kai ƙashin mahaifinka

'Yan'uwana matasa, da ku nake, ku da ke kai iyaye asibiti kuna biyan kuɗin magani. Idan likita ya ce sankarar furostet (wata 'yar gaɓa da ke ƙasan mafitsarar namiji), wadda wasu ke kira sankarar mafitsara, ta bazu zuwa ƙashin bayan Baba ko ƙugunsa, don Allah kada ku ja likitan gefe ku ce a ɓoye masa. Jikinsa ne, kuma zaɓin da za a yi ya shafi mazakutarsa. Ba ɗa ne zai yanke masa ba.

A wannan matakin danne ciwon ake yi, kuma da magani mutum kan yi shekaru yana harkokinsa. Ciwon yana rayuwa ne da sinadarin maza da maraina ke samarwa. Tun 1941 wani likita mai suna Charles Huggins ya nuna cewa idan aka katse sinadarin, ciwon yana lafawa. Ana katse shi da allura irin Zoladex duk wata ko duk wata 3, ko kuma da ƙaramin aiki sau ɗaya a cire ƙwayayen maraina. Aikinsu ɗaya ne, illarsu ma kusan ɗaya: sha'awa ta ragu, zafi ya riƙa taso wa jiki, ƙashi ya yi rauni.

A nan muke kuskure. Da an ambaci aiki sai mu ce Allah ya sawwaƙe, mu fara allurar da ba mu da ƙarfin ɗorewa da ita. Kuɗi ya ƙare, a koma jiƙe-jiƙe, ciwon ya farfaɗo. Ku haɗu da 'yan'uwa ku yi lissafi na gaskiya tun kafin allurar farko, ku tambayi likita ko Baba zai buƙaci ƙarin magani kamar abiraterone ko docetaxel, da nawa zai ci.

Na san da nauyi ɗa ya yi wa uba wannan maganar. To ku nemo amininsa ko ƙaninsa, ko ku fita ku bar shi da likita su biyu, ya tambayi abin da ba zai iya tambaya a gabanku ba.

In kuwa ciwon baya ya tsananta, ƙafafu suka fara rauni ko fitsari ya riƙa kuɓuce masa, wataƙila ciwon ya danne laka ne. A ranar za a kai shi asibiti, ko da tsakar dare ne, domin jinkiri na iya shanye ƙafafun.