Ciyawar gidanka ba ta san kana da uzuri ba

Assalamu alaikum. Maganar yau tawa ce da ku 'yan uwana magidanta, musamman ƙannenmu da Allah ya hore wa suka yi ginin kansu a sababbin unguwannin bayan gari, irin su Danbare da Jaba da Gunduwawa a nan Kano, da makamantansu a kowane birni. Ba daga kan mumbari nake magana ba. Abin da zan yi muku gargaɗi a kansa ni ya fara ci.

Wata damina, cikin watan Agusta, katangar bayan gidana ta zube da tsakar dare. Ta faɗa ɓangaren maƙwabcina ta danne akurkin kajinsa. Allah ya kiyaye babu rai a wurin sai kajin, amma da safe yaransa a gindin katangar nan suke wasa. Da magini ya zo ya duba, bai ce komai ba, sai ya sa ƙafa ya ture ciyawa ya nuna mini ƙofar da aka bari a ƙasan katanga don ruwa ya fita. Leda da ganyen darbejiya da yashi sun toshe ta tam, ciyawa ta rufe wurin har na manta akwai ta. Ruwa ya kwana uku yana jiƙa tushen gini. Ya ce, "Alhaji, aikin minti goma ne da sanda." Ni kuwa sai da na sayi bulo sama da 300, ga siminti, ga kuɗin aiki, ga kunyar zuwa ba maƙwabci haƙuri. Tun farkon Yuli nake cewa Asabar mai zuwa zan shiga bayan nan.

Asabar mai zuwa! Ita ce ƙaryar da muka fi yi wa kanmu. Wace Asabar ce ta taɓa zuwa wa magidanci babu komai a cikinta? Ɗaurin aure biyu kafin azahar, ta'aziyya bayan la'asar, a kai yara islamiyya, a leƙa Hajiya a cikin gari. Ɗan kasuwa ma ba shi da ita sam, yana Kwari ko Singa har magariba. Ran aiki kuma ka fita duhu-duhu don ka riga cunkoso, ka dawo bayan isha'i, fitilar mota ce kawai take haska maka harabar gidanka, ita ma iya inda kake fakin. Bayan ɗaki, da lungun da ke tsakanin gini da katanga, sai ka yi wata biyu ba ka taka ba. Na yarda akwai gajiya, ban ce lalaci ne zalla ba. Amma ciyawa ba ta karɓar uzuri.

Ku tuna gidajen da muka tashi. Wa ya taɓa ganin ciyawa a tsakar gidan kakanninmu? Ba wai sun fi mu son tsafta ba ne kawai, mutane ne suka yi yawa. Gida ɗaya mutum talatin, ƙafa na tattake ƙasa daga asuba zuwa dare, tsiro bai isa ya ɗago kai ba. Kowace mace ta share ƙofar ɗakinta kafin rana ta fito, yara su kwashe, awaki su lashe abin da ya tsiro a gefe, kaji su tsince sauran. Kafin damina a yi yaɓe, a gyara indararo, maza su fito gayya su yashe kwatar unguwa. Mu kuma muka ɗauki fili ƙafa 100 da 100, muka kewaye da katanga mai tsawo, muka shiga mu huɗu: kai, da matarka, da yara biyu da ba su iya riƙe tsintsiya ba. Filin ya fi na gidan gado girma, hannun da zai kula da shi bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Lokacin da muke sayen filin mun yi lissafin bulo da rodi da kwano, babu wanda ya yi lissafin wa zai riƙa nome shi.

To tunda an riga an saya, sai a koyi abin da kowane manomi ya sani mu 'yan birni muka manta. Ciyawa lokaci gare ta. Bayan ruwan farko ya sauka sosai, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, za ka ga ƙasa ta yi kore-kore kamar an barbaɗa kuka. A wannan matakin ko yaro ya ja fartanya sama-sama ta mutu, rana ta ƙarasa ta. Shi ya sa manomi ba ya wasa da noman firi, in ya yi sai ya dawo ya yi maimai. Ka bar ta mako shida, ta zama aikin adda da ƙarti biyu. Ka bar ta ta kai Satumba, tafasa da rai-ɗore sun yi 'ya'ya, ƙarangiya ta nuna tana bin wandon yara har cikin ɗaki, kashin yawo da tsidau suna jiran tafin ƙafa. Kuma irin da ya zuba ba na baɗi kaɗai ba ne, wani yana kwance a ƙasa shekaru yana jiran ruwa. Wanda ya bari ciyawarsa ta zubar da iri bana, ya ɗaukar wa kansa bashin da zai daɗe yana biya. Akwai kuma masu taurin kai irin ƙirikiri, wadda take yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa. Sara ta sama aski ne kawai kake mata, sai an tono jijiyar an kwashe, domin guntun da ka bari shi ma sabon tsiro ne.

Mutane suna cewa ciyawa ce take kawo sauro. Gaskiyar ta fi haka ɗan tsawo. Sauro a ruwa yake ƙwai, ciyawa wurin hutawarsa ce da rana, kuma ita ce take ɓoye maka ruwan. Tsohuwar taya, gwangwanin tumatir, bokitin fenti da masu aiki suka bari, ramin da aka haƙa aka kwaɓa siminti ba a cike ba, shatar tayar mota a laka. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai fi kwana 10 zuwa mako biyu ba, in da zafi ma ya kan gaza haka. Wato tsakanin Asabar ɗin da ka ɗaga da wadda ka sake ɗagawa, an yaye zuriya guda a bayan tagar ɗakin 'ya'yanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Kai kana sayen maganin feshi kowane mako, kana kai yaro kemis, amma ba ka taɓa kifar da tayar ba.

Maciji kuwa lissafinsa a fili yake. Shara tana kiran ɓera, ɓera yana kiran maciji, ragowar bulon da ka jibge a kusurwa tun ranar tarewa da niyyar ginin shago shi ne masaukinsa. Masu tarewa a gefen gari su sani, gona ce jiya-jiya aka yanka aka sayar muku, masu wurin na asali ba su tashi ba. Gamsheƙa tana shiga gida bin kaji, kububuwa kuwa ƙarama ce, kalar ƙasa, sai an taka ta ake sanin tana nan. Wanda ya taɓa jin labarin asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe, da yadda yake cika lokacin damina da kaka, ba zai bar yaro ya shiga ciyawa ɗauko ƙwallo ba takalmi ba.

Yanzu in zo kan abin da ya fi damuna da mu. Da yawanmu mun warware matsalar ta hanyar jingina ta a wuyan uwargida. Ka dawo da dare ka ga ganye ya taru, ka hau faɗa: me kuke yi a gidan nan tun safe? Malam, ita ta yi girki, ta yi wanki, ta yi rainon goyo, wataƙila ita ma daga wurin aiki ta dawo. Sharar tsakar gida an saba, amma nome harabar da ta kai rabin gona, da yashe magudana, da sassabe reshe, yaushe suka zama nata? Kai ka zaɓi girman filin, ba da ita aka yi ciniki ba. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Mu kuma mun ɗauka riƙe fartanya a gidanmu zubar da girma ne, sai ka ce ba 'ya'yan manoma ba ne mu. A tambayi kowannenmu kakansa, da wuya a wuce biyu ba a isa gona ba.

In da gaske ba ka da lokaci, ɗauki mai yi, ba laifi ba ne. Amma a yi shi bisa tsari, a yi shi da tsoron Allah. Ka yi magana da mutum ɗaya tun kafin damina, ya riƙa zuwa duk bayan mako biyu, ku yanke kuɗi. Ya fi sauƙi a kan ka jira gida ya zama daji sannan ka tsaya ciniki da masu adda a bakin titi. Abin da ba na so shi ne a kira ɗan almajiri mai shekara tara, a miƙa masa adda, a tura shi cikin ciyawar da kai kanka kake tsoron shiga, ƙafa ba takalmi, a sallame shi da ɗumamen tuwo. Ɗan wani ne. In ka ga aikin ya fi ƙarfin ɗanka, ya fi ƙarfinsa. Kuma a biya mai aiki kafin guminsa ya bushe, kar a ce masa Alhaji ya fita, ya dawo gobe.

Maganin kashe ciyawa ma an mayar da shi abin wasa. Yana aiki, ban musa ba, ni ma na yi amfani da shi a lungun da fartanya ba ta shiga. Sai dai guba ne. Wanda ake kira farakwat, wanda yake ƙone ganye kwana ɗaya, kurɓi kaɗan ya isa ya kashe mutum, kuma ba shi da makari. Amma za ka ga an ɗura ragowarsa a robar lemo an ajiye bayan ƙofar kicin, a gidan da ke da yara. Ko a fesa a gefen rijiya, ko a kan tafasar da maƙwabciya za ta aiko a tsinka mata ta yi kwaɗo.

Shawarar da ta fi yi mini amfani ita ce in rage aikin tun daga tushe. Na cire ciyawar adon da na shuka don na gani a gidan wani. Ita wannan sai an ba ta ruwa kullum daga Nuwamba har Mayu, a garin da ruwan sha ma sai an tada inji, sannan a aske ta da damina. Ta masu lebura ce, ni kuwa ba ni da shi. Inda ake takawa na sa intalok, duk da shi ma ciyawa tana fitowa ta tsakaninsa in an yi sakaci. Ban shafe gidan duka da siminti ba, kuma ba na ba kowa shawarar haka: da bazara gidan zai zama tanda, da damina kuma ruwan da ƙasa za ta shanye sai ya kwarara ƙofar maƙwabci, ka sayi rigima. Kusurwar da ta rage na yi kunya huɗu na zuba kuɓewa da yakuwa, na kafa zogale a gefe. Abin mamaki, wurin da aka shuka abin miya kowa a gidan yana leƙa shi, har yara suna rige-rigen cire ciyawa. Wurin da ba a shuka komai ba ne ba shi da mai shi. Bishiya kuwa a shuka, inuwa rahama ce, amma a nisanta darbejiya da katanga da sokawe, saiwarta ba ta da kunya, kuma a san cewa da hunturu za ta zubar da ganye sai an bi ta da manjagara.

Saura ƙofar gida. Wasunmu ciki fes, amma kwatar waje ta cika ta batse, wai ta gwamnati ce. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda in ya shigo unguwa har randa yake leƙawa, mata suna ɓoye tukwane. A 1985, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon, aka ɗora tsaftar muhalli a kan kowa da ƙarfin soja. Yau a Kano ana hana zirga-zirga safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10, don a yi shara. Mu da muke kukan ba mu da lokaci, ga awa uku an ba mu kyauta, babu kasuwa, babu ɗaurin aure, babu inda za a je. Me muke yi da su? Barci. In an tashi kuma a tattara shara da leda a cinna wuta, hayaƙi ya shiga ɗakin mai asma a gidan da ke kusa, ko a jira hadari ya haɗo a juye ta cikin kwata ruwa ya kai wa na gangare.

Ni dai abin da na koma yi ba shi da yawa. Fartanya da manjagara suna rataye a bayan ƙofar shigowa, ba a sito ba, don abin da aka kulle a sito sai an nemi mukulli, neman mukulli kuwa ya isa ya sa a fasa. In na dawo daga sallar asuba, kafin in shiga wanka, minti goma sha biyar: yau gefen gabas, gobe bayan ɗaki, jibi bakin kwata. Ba na gamawa, kuma na daina neman in gama. Hadisi ya tabbata cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, na kuwa ga amfanin hakan har a kan ciyawa. Babban ɗana yanzu shi yake tura baro, duk da rabin sharar a hanya take zubewa.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin ka tada mota ko babur, ɗauki sanda ka zagaya bayan ɗaki. Nemo ƙofar da ruwan gidanka yake fita ta ƙasan katanga, ka durƙusa ka leƙa ko kana hango haske ta ɗaya gefen.