Ranar da na koya wa 'yan unguwa kalmar menace

Taron unguwa aka yi kan awakin da ke yawo, aka ce tunda ni ne malamin Turanci in rubuta takardar koke. Na rubuta cewa awakin sun zama menace. Sakatare ya ɗaga hannu, wai me ya sa ban sa threat ba.

Nan fa na gyara tsayuwa. Na ce threat ta fi zama inda mutum ya buɗe baki ya ce zai yi maka kaza in ba ka yi kaza ba, kuma a tsohon Turanci ma cunkoson mutane da matsi take nufi. Akuya kuwa ba ta taɓa yi wa kowa kashedi ba. Ita menace daga Faransanci ta shigo wajen shekarar 1300, su kuma daga Latin suka samo ta, daga minae, wato abin da ya turo kai daga saman katanga kamar zai faɗo maka. Haɗari ne da ke rataye a kanka, ko da niyya ko babu. Turawa har fitinannen yaro suna kira da ita, cikin wasa. Na ƙara da cewa "menis" ake faɗi, a danna gaɓar farko, ba "meneis" ba. Har na sa su maimaita, da Liman a ciki.

Suna cikin maimaitawa sai ga akuya ta ratso tsakiyar tabarmi, damin alayyahun Baba mai kayan miya a bakinta. Igiyar wuyanta shuɗiya, irin wadda na sayo wa uwargida da hannuna. Ta zo ta tsaya daidai ƙafata tana tauna, tana kallona. Wurin ya yi tsit. Na kau da kai, ta goga min ƙaho a wando.

Sai Mai Shayi ya ce, "Malam, ga menis ɗinka ta zo gaisuwa." Da lafazin daidai, abin haushin ke nan. Mutumin da ko ɗan kwamiti ba shi ba ne, kofuna ya zo karɓa. Mutumin da madararsa kun san yadda take, gwangwani ɗaya ya kai shi Juma'a. Kazarsa ta kwashe wata tana tone min zogale ban kai ƙara ko'ina ba. Yanzu ko yaransa suka hango ni, "menis, menis".

Na biya Baba kuɗin alayyahu, ya ce har da na shekaranjiya. Takardar tana aljihun wata riga, ban ma tuna wace ba.